Ina 'Yan Musu? Ku Zo Mu Buɗe Taswira

Yau da ku nake, ku 'yan majalisar da ba a taɓa kawo magana kun ce "haka ne" ba. Ku da ko an ce muku wuta na ƙuna sai kun nemi shaidu biyu adilai. Ku gyara zama, a ƙaro shayi, kowa ya bar wayarsa a aljihu, don da tambaya zan fara kuma ban yarda da satar amsa ba.

Wace ƙasa ce ta fi kowace yawan Musulmi a duniya?

Na ji Alhaji ya ce Saudiyya, har da murmushi don a ga haƙorin Makka, wai shi ganau ne ba jiyau ba. Wani daga ƙarshen benci ya ce Masar, saboda Azhar. To duk kun sha ƙasa. Indonesiya ce, ƙasar tsibirai da ke can ƙuryar gabas, inda jirgin da ya tashi daga Jidda sai ya shafe wajen awa goma a sama kafin ya sauka Jakarta. Musulminta sun haura miliyan 200, nesa ba kusa ba. Pakistan ke bi mata, sannan Indiya. E, Indiyar da kuka sani, ta rawa da waƙa a gindin bishiya. Musulmi tsiraru ne a can, wajen kashi 14 cikin ɗari a ƙidayar 2011, amma sun ninka mutanen Saudiyya kaf, da 'yan ƙasa da baƙi, kusan sau biyar. Da za a tsai da Musulmin duniya sahu-sahu, a kowane mutum biyar ɗaya ne kacal Balarabe.

Alhaji, kar ka ɓata rai, ai ka gan su, mantawa ka yi. Ka tuna mutanen nan marasa tsawo, masu anko, da ke tafe a jere kowa riƙe da mayafin na gabansa, jagoransu na ɗaga 'yar tuta, ba sa ture kowa kuma ba mai iya raba su? Su ne. A hajjin 2025 kujerun da aka ba su 221,000 ne, mu kuwa 95,000. Ka yi ibadarka, Allah ya karɓa, amma da ka ɗan waiwaya da ka sami darasin labarin ƙasa kyauta.

Abin da nake so in ɗura muku, ko kuna so ko ba kwa so, shi ne addini kamar goro yake. A kurmi ake shuka shi, amma masu jan haƙori suna Arewa. Inda ya tsiro daban, inda ya yi kasuwa daban.

Tun ban rufe baki ba Malam ya ɗaga yatsa, wai addini ba ya tsirowa a wani gari, tun daga Annabi Adamu yake. Allah gafarta Malam, ban ja ba. Ni zancen taswira da hanyoyin ayari nake, aƙida kuwa fagenka ce, ban isa in taka ba. Kuma kafin ka tambaye ni abin da ya kai ni leƙen addinan mutane, fara tambayar Albiruni, wanda ya zauna ya koyi harshen Sanskirit ya rubuta littafi sukutum kan abin da Indiyawa suka yi imani da shi, wajen shekarar 1030. Ka tambayi Shahrastani mai Al-Milal wan-Nihal, ka tambayi Ibn Hazm na Andalus. Ba mu ji wanda ya ce alwalarsu ta karye ba.

Ga lissafi a gurguje. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka, a ƙiyasinta na shekarar 2020, ta ce Kiristoci sun kai biliyan 2.3, Musulmi biliyan 2, mabiya Hindu biliyan 1.2, mabiya Buddha sama da miliyan 300, Yahudawa kusan miliyan 15. Sai wasu biliyan 1.9 da in an tambaye su addini sukan ce ba su da shi, kuma mafi yawansu a ƙasar Sin suke. Na san abin da za ku ce: wa ya ƙirga? Tambaya mai kyau, sai dai ta fi kyau a bakin wasu ba mu ba. Mu da tun 2006 ba mu sake ƙirga kanmu ba, kuma a waccan ƙidayar ma aka tsallake tambayar addini don gudun fitina, mu yi ta a hankali. Ƙiyasi ne, ba wahayi ba. Amma ko ka zabge masa miliyan ɗari, wanda ke cewa duniya addini biyu ce, sauran duk tarkace, ya dai zubar da kusan rabin 'yan Adam a kwandon shara.

Ku dubi taswirar da kyau. Yahudanci da Kiristanci da Musulunci duk daga yanki guda suka fito, tsakanin Falasɗinu da Hijaz. Addinin Majusawa daga Farisa. Hindu da Buddha da Sikh daga yankin Indiya. Koyarwar Kwanfushiyas da ta Tao daga Sin. Duk Asiya ce. Turai, da duk jiragenta da jami'o'inta, ba ta haifi ko ɗaya daga cikin manyan addinan nan ba. Ita ma baƙo ta sauka, kamar kowa.

Wannan ya kawo ni kan mai cewa Kiristanci addinin Bature ne. Maganar tana da farin jini a bakin Musulmi, kuma abin dariya wasu Kiristocin ma a ransu haka suka ɗauka, tunda hoton da ke rataye a falo na wani ne mai gashi ruwan zuma da shuɗin ido. To Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), a Baitalami aka haife shi, a Nazarat ya tashi, harshen Aramiya yake yi, ɗan'uwan Larabci da Ibrananci, kuma bai taɓa taka Turai ba. Afirka kuwa, in ka bi Linjilar Matiyu, ya zo ta tun yana goye, sa'ad da aka gudu da shi Masar. Kiristoci sun yi imani shi Ɗan Allah ne, an gicciye shi domin zunuban mutane, ya tashi a rana ta uku, kuma Allah ɗaya ne cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Musulmi sun ce manzo ne mai girma, ɗan Maryamu budurwa, ba a kashe shi ba, kuma Allah ba shi da ɗa. A nan hanya ta rabu, kuma ba teburin mai shayi ne zai haɗa ta ba.

Amma lissafin shekaru ba ya son kai. Rum sai a 313 ta daina farautar Kiristoci, sai a 380 ta mai da Kiristanci addinin daula. A tsakanin nan Sarki Ezana na Aksum, a Habasha, ya riga ya karɓa. Ba sai kun yarda da ni ba, sulallansa suna nan a gidajen tarihi: na farkon mulkinsa ɗauke da hoton jinjirin wata da faifai, na baya ɗauke da gicciye. A lokacin kakannin Ingilishi ko ƙetarawa tsibirin da ake kira Ingila ba su yi ba, kuma sai a 597 aka turo musu mai wa'azi daga Rum. Lituwaniya, a tsakiyar Turai, sai a 1387 ta bar gumakanta, wato bayan Wangarawa sun riga sun tsai da sallah a Kano. Agustin, wanda har gobe malaman coci ke karanta littattafansa, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya aka haife shi a 354. A Sudan, inda alhazanmu na ƙafa suka riƙa ratsawa, an yi daulolin Kirista a Dongola da Soba na ɗaruruwan shekaru. Kai, Najjashin nan da kuke ji a wa'azi, wanda ya ba sahabbai mafaka wajen 615, wane addini yake yi lokacin da suka isa fadarsa? Ba Bature ne ya koya masa ba.

Gaskiya ne mu nan ƙasar Hausa ta hannun Turawan mishan ya iso mana, irin su Dokta Miller na Wusasa, kuma Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito cikakke a 1932. Sai dai ko a nan, wanda ya ja ragamar aikin a gaɓar Kwara Bayarbe ne da aka 'yanto daga jirgin bayi, Samuel Ajayi Crowther, da aka naɗa bishop a 1864. Yau kuwa reshe ya juye da mujiya. Kiristocin Afirka kudu da Sahara sun fi na Turai yawa, ƙasar da ta fi yawan Katolika ita ce Birazil, kuma fastocin Legas ne ke hayar ɗakunan taro a Landan suna kiran jikokin 'yan mishan su tuba.

Na ga ɗan'uwana Kirista na dariya ƙasa-ƙasa. Dakata, kai ma zan zo kanka. Kai ne kullum ke cewa Musulunci da takobi ya yaɗu, abokin hirarka kuma ya mayar maka da cewa Kiristanci da bindigar mulkin mallaka. Kowannenku yana da rabin gaskiya, kuma kowa ya riƙe rabinsa kamar gadon ubansa. An yi yaƙi, ba mai musun wannan. Annabi Muhammadu (SAW) ya fara kira zuwa ga kaɗaita Allah a Makka wajen 610, ya yi hijira a 622, ya rasu a 632, kuma wajen 711 rundunonin Musulmi sun kai Andalus ta yamma da Sindh ta gabas. Sifaniyawa su ma da suka ci Meksiko a 1521 ba da furanni suka je ba. To amma in takobi ne duka labarin, ku warware mini waɗannan. Sarakunan Musulmi sun zauna a Delhi daga 1206 har 1857, me ya sa kusan kashi 80 cikin ɗari na Indiya har yau Hindu ne? Masar ta shiga hannun Musulmi wajen 641, amma sai da aka ɗauki ƙarnoni kafin Musulmi su yi rinjaye, kuma Kibɗawa suna nan da coci-cocinsu. Mongol sun rusa Bagadaza a 1258, takobin a hannunsu yake, amma a 1295 sarkinsu Ghazan ne ya musulunta. Turawan Holan sun daɗe suna juya Indonesiya, ba su mai da ita Kirista ba. Ita Indonesiyar kuwa ba rundunar Larabawa ko ɗaya da ta taɓa sauka gaɓarta. Fataken teku ne daga Gujarat da Hadaramaut, da shehunnan ɗariƙa, da auratayya. Kabarin Sultan Malikus Salih na Pasai, a tsibirin Sumatra, yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1297, kuma a Jawa har yau ana ziyartar kaburburan waliyyai tara da ake jingina wa yaɗa addinin. Takobi yakan ci ƙasa da haraji. Abin da uwa ke raɗa wa ɗanta da dare kuwa, wannan sai a hankali.

Yanzu ku matso, ku 'yan kallon fim ɗin Chana. Mutanen nan masu ƙwal-kwabo da mayafi ruwan goro, da kuka sani da tsalle da karya bulo a Shaolin, kun ɗauka makarantar dambe ce ko? Gidan 'yan zuhudun Buddha ne, kuma addinin nasu baƙo ne a Sin. Wanda ya kafa shi, Siddhartha Gautama, ɗan sarki ne da aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Mabiyansa sun ce an tsare shi a fada don kada ya ga wahala, ran da ya fita ya ci karo da tsoho da majinyaci da gawa, sai duniya ta fita ransa. Ya bar mata da ɗa da gadon sarauta, ya yi ta yawo, har ya zauna a gindin wata bishiya dangin cediya a Bodh Gaya, inda suka ce ya gano bakin zaren. Abin da ya koyar a taƙaice: rayuwa cike take da ƙunci, tushen ƙuncin kwaɗayi ne, ana iya kashe kwaɗayin, kuma akwai hanya mai rassa takwas ta gyaran tunani da magana da aiki. Bai ce shi Allah ne ba, bai ce manzo ne ba, kuma koyarwarsa ba ta rataya a kan Mahalicci ba. Na ga Malam ya zaro ido: addini ba Ubangiji? To ka ji irin abin da ya sa na ce a buɗe taswira.

Wanda ya fitar da shi duniya wani sarki ne mai suna Ashoka. Ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi wajen 261 kafin haihuwar Annabi Isa, gawarwakin da ya gani suka dame shi, ya sa aka sassaƙa nadamarsa a jikin duwatsu, kuma duwatsun suna nan. Daga zamaninsa addinin ya ƙetara Siri Lanka. Ta hanyar fataken siliki ya shiga Sin a ƙarni na 1, ya kai Koriya a na 4, Japan a na 6, Tibet a na 7. Yau Tailan da Bama da Kambodiya duk nasa ne. A gida fa? A ƙidayar Indiya ta 2011 mabiya Buddha ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba, kuma akasarin waɗannan ma sababbin shiga ne, zuriyar talakawan da ake ƙyama waɗanda suka bi Dokta Ambedkar suka sauya addini a Nagpur a 1956. Wurin bautar Buddha mafi girma a duniya, Borobudur, kun san inda yake? A Jawa, tsakiyar ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi.

Hajiya, ke da ba fim ɗin Indiyan da ya wuce ki, ga naki. Kin sha ganin ango da amarya na zagaya wuta, kin ga ranar da ake watsa wa juna garin launi, kin ga uwar jarumi na kuka gaban gunki tana kaɗa ƙararrawa, kin ce masu bautar saniya ne kika wuce. Abin ya fi haka zurfi. Hindu ba shi da mutum guda da ya kafa shi, ba shi da shekarar farawa. Tsofaffin littattafansa, Veda, sun haura shekara 3,000, kuma da hadda aka riƙa miƙa su daga malami zuwa ɗalibi tun kafin a rubuta, alarammomi ku ji. A wajensu rai ba ya mutuwa sau ɗaya. Yana ta dawowa a sabon jiki, kuma abin da ka shuka a wannan zuwan shi ke yanke inda za ka faɗo a na gaba. Wannan ne karma. Babban buri shi ne ka kuɓuta daga zagayen baki ɗaya. Alloli kuwa, Vishnu da Shiva da sauransu, da yawa daga malamansu cewa suke fuskoki ne na haƙiƙa guda da suke kira Brahman. Saniya girmama ta suke, ba sa yanka ta, kuma akan yi rikici har da asarar rai a kan hakan. Taronsu na Kumbh Mela a Prayagraj, inda kogin Ganga ya haɗu da Yamuna, a 2025 gwamnatin jihar ta ce masu wanka sun haura miliyan 600 cikin mako shida. Nan kam na ba ku izinin musu, don wanda ya shiga ruwa sau uku ba mamaki an ƙirga shi uku. Amma ku raba adadin gida goma, har yanzu ya ninka taron Arfa sau da yawa.

Kun ga ai nan kun kusa kama ni, domin Hindu bai bar gida ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na mabiyansa suna Indiya. Na ba ku wannan, ku riƙe, ba kullum kuke samu ba. Sai dai ko shi ya taɓa yawo. Angkor Wat na Kambodiya don Vishnu aka gina shi a ƙarni na 12. Tsibirin Bali har yau Hindu ne, kuma jirgin Garuda da ke jigilar alhazan Indonesiya sunan tsuntsun da suka ce Vishnu ke hawa ya ci. Bayan Ingila ta hana bauta a 1834, masu gonakin rake suka rasa hannu, aka riƙa kwasar leburorin kwantiragi daga Indiya zuwa Morishas da Giyana da Tirinidad da Fiji da Natal ta Afirka ta Kudu. Shi ya sa yau kusan rabin mutanen Morishas Hindu ne. A Akara ma akwai gidan ibadar Hindu na baƙaƙen fata 'yan Gana tun 1975. 'Yan zango, ku shaida.

Sai mutumin nan mai naɗi da gemu buzu-buzu da kuke gani a fim kuna cewa ga ustazu. Ba ustazu ba ne, Sikh ne. Guru Nanak ne ya kafa addinin, an haife shi a 1469 kusa da Lahore. Allah ɗaya suke bauta wa, ba gunki, sun ƙi rabe-raben asali, ba sa aske gashi, suna sa warwaron ƙarfe da 'yar wuƙa. A babban wurin ibadarsu na Amritsar ana dafa abinci kyauta dare da rana, dubun-dubatar mutane na ci kullum, attajiri da almajiri a zaune a ƙasa layi ɗaya, ba mai tambayar addininka. Garin da aka haifi Nanak kuwa, da aka raba ƙasa a 1947, sai ya faɗa Pakistan, yau Sikh na Indiya sai da takardar izini yake ziyartarsa.

Majusawa sun fi ba ni tausayi. Addinin Zaradasht ya yi zamani yana addinin daular Farisa, lokacin da ita da Rum ke raba duniya. Sun yi imani da Ahura Mazda, da gwagwarmaya tsakanin alheri da sharri, da hisabi bayan mutuwa, kuma wutar da ba sa bari ta mutu alama ce ta tsarki a wurinsu. Salmanul Farisi a cikinsu ya tashi. Daular ta faɗi a 651, wasu suka tsallaka teku zuwa Gujarat, yau duk duniya ba su kai 200,000 ba, kuma cibiyarsu Mumbai ce. Direba, motar Tata da kake tuƙawa, masu kamfanin zuriyar waɗannan 'yan gudun hijira ne. Yahudawa kuma ga suna ya cika duniya, ga adadi bai kai mutanen jihar Kano da Jigawa a haɗe ba. Allah ɗaya, Attaura, hutun Asabar, kaciya a rana ta takwas, ba cin alade. Tun da Rumawa suka rushe haikalinsu a Ƙudus a shekara ta 70 suka ƙara warwatsuwa, Sifen ta kore su a 1492 Daular Usmaniyya ta karɓi da yawa, yau akasarinsu suna Isra'ila da Amurka.

Me ya sa wasu suka cika duniya wasu suka tsaya? Buddha da Kiristanci da Musulunci kowanne cewa ya yi saƙonsa na kowa da kowa ne, kuma ya ɗora wa mabiyi nauyin isarwa. Yahudanci da Hindu da Majusanci da Shinto na Japan galibi haihuwarka ake a ciki, ba sa bin gida-gida neman mabiya, saboda haka ba sa tafiya sai in masu su sun yi ƙaura.

Mu dawo gida, don na ga Babarbare tun ɗazu yana gyaran murya. Faɗi, ranka ya daɗe, yau ranarka ce. Gaskiya ne Mai Hume na Kanem ya musulunta tun ƙarshen ƙarni na 11, kuma a ƙarni na 13 ɗaliban Kanem har masauki gare su a Alƙahira, lokacin da a Kano ba a gama sallamar Tsumburbura ba. Bafulatani, yi haƙuri, 1804 ta zo daga baya, gyara Shehu ya zo yi ba kawowa ba. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin, sannan a zamanin Muhammadu Rumfa aka yi baƙo Almagili daga Tilimsan. Mai shakkar cewa abin ta hanyar Sahara ya biyo, ya shiga zauren malaminsu ya duba buzu. Ahalari ɗan Aljeriya ne. Mai Risala ɗan Ƙairawan ne a Tunisiya. Mai Muhtasar ɗan Masar ne. Mai Ashafa, Alƙali Iyal, ɗan Sabta ne a gaɓar Maroko. Mai Ishiriniya ɗan Andalus ne. Ƙira'ar Warshu da rubutun allonmu duk na Magrib ne. Ƙadiriyya daga Bagadaza, Tijjaniyya daga Fas, ta sake biyowa ta Kaulaha. Buhari da kuke rantsuwa da ingancinsa ma ɗan Bukhara ne, a Uzbekistan ta yau. Jakar malam ɗaya ta ratsa ƙasashe fiye da fasfon ɗan kasuwar Kantin Kwari.

Saura musu ɗaya, na mai cewa to mu kullum karɓa muke, ba mu taɓa kai wa kowa ba. Kai dai kifin rijiya ne. Wa ya kai karatu da sallah zangon Salaga da Kumasi in ba fataken Hausa da malaman da ke bin ayarinsu ba? Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda Gana ke tinƙaho da shi, haifaffen Kano ne. Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa ta. Ba Musulunci kaɗai ba, bori ma ya yi tafiya: bayin da aka ƙetara Sahara da su sun kai shi Tarabulus da Tunis, har wani Bature mai suna Tremearne ya je can ya tarar ana girka da Hausa, ya fitar da littafi a kai a 1914. Yarbawa kuma, abokan wasan Gobirawa, orisha ɗinsu na nan ana yi musu kiɗa a Kuba da Birazil.

A Birazil ɗin nan dai, a birnin Salbado na jihar Bahiya, hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi da 'yantattu Musulmi, akasari Yarbawa tare da Hausawa, suka fito titi da fararen riguna. An murƙushe su kafin gari ya gama wayewa. A jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama an sami layu da alluna da takardu da rubutun Larabci irin na makarantar allo, 'yan sanda suka kwashe a matsayin shaida, kuma wasu daga takardun suna ajiye har yau a ma'adanar tarihi ta jihar Bahiya. Wanda bai yarda ba, ofishin jakadancin Birazil yana Abuja, ya je ya nemi biza. Kuɗin jirgi dai ba da ni ba.